Batirin da Aka Yi wa Kara

Yayata da sanda take tafiya yanzu. Yatsu biyu na ƙafarta ta hagu an baro su a asibiti a Kano. In an tambaye ta sai ta ce ciwon suga ne, haka Allah ya ƙaddara. Ni ban musa ƙaddara ba. Amma na san hanyar da ta biyo ta shigo mana gida. Ta wata 'yar siririyar waya ta shigo, kuma mutanen da suka ɗaura wayar da su nake gaisawa kullum a ƙofar masallaci.

Na bar garinmu tun ban fara aske gemu ba. Na bi manyan motoci zuwa kurmi, na zauna a Kumasi na koyi gyaran wutar mota, na yi aiki a Abijan, na yi a Duwala, na yi a Sudan. Rabin rayuwata a gaban batir na yi ta, har yau akwai tabon ruwansa a bayan hannuna. Da ƙarfi ya fara ja baya na dawo gida, ƙauyenmu da ke kan hanyar Makoda, inda gona take manne da gona, in ka yi atishawa a taka maƙwabci ya ce maka yarhamukallah daga tasa. Na tarar iyaye sun tafi, sa'o'ina sun yi furfura, yayata kuma tana yi wa kanta allura kullum da safe.

Maganin nata a 'yan ƙananan kwalabe yake zuwa, kuma ba ya son zafi. In ya sha zafi ba ya canja kamanni, ba ya wari, sai dai ya daina aiki, ka yi ta tsira wa jikinka ruwa kawai. Shekara da shekaru a gindin randa take ajiye shi, cikin wata 'yar tukunyar ƙasa da ta binne a jiƙaƙƙen yashi, can ƙuryar da rana ba ta kaiwa. Haka wata ma'aikaciyar asibiti ta koya mata, kuma lafiya lau take zaune.

Sai 'ya'yan garin da ke kasuwanci a birni suka yi abin kirki. Suka sa wa ɗakin shan magani faifan sola biyu a kan rufi, da sababbin batura biyu manya, da ƙaramin firji. Aka ce duk mai maganin da ke son sanyi ya kawo. Malamin asibiti ranar kasuwa kawai yake zuwa, saboda haka makulli yana hannun mai unguwa. Surukar yayata, matar ɗanta, ita ke zuwa da sassafe ta ɗauko kwalba, a yi allura ta mayar. Yaya ta tone tukunyarta ta wanke ta zuba daddawa a ciki.

Mai unguwar nan ɗan kawuna ne, abokin wasana. Tun da na dawo bai taɓa kirana da komai ba sai "mutumin Gana".

Da damina ta yi nisa aka samu kwanaki a jere rana ba ta fito sosai ba, firji ya fara ɗaukewa. Na je na duba. Ban daɗe ina nema ba. An ja waya daga batir zuwa baranda an rataya fanka, don a nan dattawa ke zaman hantsi. An kuma jona wani dogon soket da wayoyin hannu suka yi masa layi kamar 'yan awaki a bakin kwami. Na ce wa mai unguwa abin da faifan nan ke tarawa a wuni ƙayyadadde ne, firji aka auna aka sayo su dominsa. Kowane abu da aka jona yana da nasa cin, shi ake kira wat. Cin fanka daban, na waya daban, in aka tara suka fi abin da rana ta bayar, dole wani ya kwana da yunwa, kuma firji ne zai kwana. A cire fanka, a cire soket, a goge faifan, shi ke nan.

Ya ce, "Wato mu sha zafi don firji ya sha iska? Kai dai mutumin Gana ba ka da tausayi. Ai batir ne ya yi kaɗan. Gayya za mu kira."

Gayya ita ce abin da muka iya, kuma ba na raina ta. Da ita ake nome gonar marar lafiya, da ita aka yi wa masallaci rufi. In gobara ta ci rumbun wani, kowa zai kawo abin da ya sawwaƙa, wannan dami, wancan kwano, a zuba wuri guda. Ba a duba na wane ya fi tsaba. Ba a mayar wa kowa da nasa. Na ga garuruwa da yawa a duniya, ban ga inda aka fi mu wannan ba. A Abijan maƙwabcinka zai iya mutuwa sai wari ya sanar da kai. To amma hatsi in ka zuba mai kyau da marar kyau a rumbu, kowace ƙwaya tana zaune a inda ta faɗi. Batir ba haka yake ba.

Aka yi shela bayan sallar Juma'a, duk mai batir ya kawo. Kafin la'asar ƙasan ɗakin ta cika. Na babur sun fi yawa, wasu sun kumbura, wasu sun yi farin gari a ka. Can sai ga jikokin Baba sun turo baro, shi yana biye da su a hankali. Baba abokin mahaifinmu ne, shi ne mafi tsufa a garin, shi ya yi wa yayata waliyyi da za a yi mata aure. Batirin da ke cikin baron kowa ya san shi. Na motar ɗansa ne, direban da ya rasu a hatsari a hanyar Kano shekarun baya. Daga motar ba a dawo da komai ba sai shi. Tun lokacin yana ƙarƙashin gadon Baba, an lulluɓe shi da buhu.

Baba ya ce, "Ga nawa. A sa, ko yaron nan ya samu lada."

Wasu suka share ido. Ni ma abin ya taɓa ni. Amma tun kafin a sauke shi na san gawa ce.

Mai cajin waya na bakin kasuwa shi aka kira ya haɗa su, don yana da mita. Ya jera su duka, kan ja da kan ja, kan baƙi da kan baƙi, da irin wayar da ake ja wa ƙwan fitila. Sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana aunawa yana ɗaga mitar sama kowa ya gani.

"Sha biyu. Wannan ma sha biyu. Na Baba ma ga shi, sha biyu cif!"

Aka yi kabbara. Mai unguwa ya juyo ya dube ni. "To, mutumin Gana, ko a Gana sha biyun tasu ta fi tamu yawa?"

Na bari sai da Baba ya tafi. Sannan na ce su saurare ni. Bolt, wanda mitar nan ke nunawa, kamar tsayin ruwa ne a cikin randa. Ɗauki randa biyu, ɗaya cike, ɗaya fasasshiya, ka haɗa gindinsu da tiyo. In ka leƙa za ka ga ruwansu tsayi ɗaya. Ba don fasasshiyar ta gyaru ba, don mai kyau tana ta ɗura mata ne, ita kuma tana zubarwa ƙasa. Ruwan da ke gudu a cikin tiyon shi ne amfiya. Shi mita ba ta nuna muku ba, kuma shi ne ke tafiya dare da rana daga sababbin baturanku zuwa cikin matattu. Kun auna su bayan kun haɗa su, me kuke so mita ta ce?

Na kwance na Baba na ajiye shi gefe, na ce a sake aunawa. Goma ta nuna, da kyar. Batirin mota gida shida ne a cikinsa, kowane gida bolt biyu, wannan gidansa ɗaya ya mutu. Na aika aka ɗauko min ƙwan fitilar mota a gida, na ɗora masa. Ya yi ja kamar garwashin da ya kwana, ya mutu. Na ɗora wa sabon batir, hasken ya sa mai caji ya kare ido da hannu.

Na babur ba a sha wahala ba. Masu su samari ne da magidanta, aka yi dariya, kowa ya ɗauki abinsa. Da aka zo kan na Baba sai kowa ya dubi ƙasa.

Mai unguwa ya ce, "Wannan kam zai zauna."

"Ka ga abin da fitila ta nuna."

"Na gani. Kai kuma ka ga idon tsohon nan? Wa zai tura masa baro ya ce abin ɗanka bai yi ba? Kai ka daɗe a inda ba a san kara ba. Batir ɗaya ne cikin uku, biyun su riƙe shi mana, ai haka ake zaman duniya."

Liman ya sa baki ya ce a yi haƙuri, niyya ce abin dubawa, Allah zai sa albarka. Na ce masa, Allah gafarta Malam, niyyar Baba tana wurin Allah, amma firji amfiya yake ci. Aka ce na yi wa Liman tsaurin ido. Na fita.

Abin da ya fi ƙona min rai, babu wanda ya ƙaryata ni. Da a ce ba su gane ba ne, da na sake bayani da Hausa, da Larabci, da Faransanci in suna so. Sun gane sarai. Manoman rani ne, kowannensu ya san abin da tiyo mai huji ke yi wa injin ban ruwa. Sun gani da idonsu, suka zaɓi kada ran tsoho ya ɓaci.

Na yi niyyar zuwa wurin Baba da kaina. Na biya ta gidan Yaya tukuna, na same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ashe labari ya riga ni.

Ta ce, "An ce za ka je ka kunyata Baba a kaina."

"Yaya, ba kunyatawa ba ce. Maganinki ne a cikin firjin nan."

"Magani na ne, ba naka ba. Mutumin da ya ba da ni aure, ya binne ubanmu, shi za ka je ka ce wa kayan ɗansa shara ne? In ka taka ƙofar gidansa da wannan magana ban yafe ba."

"To ki dawo da shi gindin randa."

"In kwashe magani a ce na raina gayyar gari? Kai dai tashi ka ba ni wuri, ka tsaya min a kan gyaɗa."

Ita ta goye ni. Kalmar ban yafe ba daga bakinta ba abin da zan tsallake ba ne. Sai na nemi wata hanya. Na karɓi makulli na ce zan goge faifai. Na bar batirin Baba a inda yake, a jere da 'yan'uwansa, da wayarsa a ka, amma na zare ɗaya bakin wayar na naɗe shi da roba na tura bayan katako. Mai leƙowa zai ga batir uku. Na cire fanka da soket na kai wa mai unguwa har gida, na gaya masa abin da na yi, ban ɓoye ba. Na ce ga kara an yi, ga firji ya tsira. Ya yi dariya ya ce wayon Gana ya fi ƙarfinsa. Firji ya dawo yana sanyi har ƙanƙara take kamawa a bangonsa.

Bayan an gama girbi 'yata da ke aure a Kumasi ta haihu, na tafi. Tafiyar ta yi tsawo, don jikina ya motsa a can, ban dawo ba sai da bazara ta kankama, lokacin da kwanon rufi ke ƙara da rana tsaka saboda zafi.

Abin da ya faru a bayana daga baya na tattara shi. Baba ya saba in ya fito zaman hantsi sai ya sa a buɗe masa ɗakin ya leƙa batirin. Wata rana ya shafa shi, hannunsa ya bi waya, sai wayar ta biyo shi. Ya tambaya ko ɓera ne ya cire. Mai unguwa ya ce ɓera ne, Baba, yanzu za a gyara. A gabansa aka mayar aka ɗaure tamau. Da zafi ya shigo fanka ma ta koma baranda, soket ya bi ta.

A jikin firjin akwai wata 'yar koriyar fitila. Ita suka riƙe shaida. Duk wanda ya leƙa ya gan ta sai ya ce yana aiki. Fitilar nan cinta bai kai na tocila ba, ko mataccen batir zai kunna ta. Injin firji kuwa in zai tashi sai ya fizgi amfiya mai yawa a lokaci guda, kamar yadda jaki ke buƙatar ƙarfinsa duka kafin kaya ya motsa. Sababbin baturan sun yi watanni suna ɗura wa gawa, sun rame, in injin ya yunƙura sai ya yi ƙas ya koma. Akwati ne rufaffe a ƙarƙashin kwano a tsakiyar bazara. Surukar Yaya da sassafe take zuwa, lokacin da kowane ƙarfe ke da ɗan sanyi a hannu, ba ta da yadda za ta sani. Malamin asibiti a akwatin ƙanƙararsa yake kawo alluran yara, ya ce ya yi magana sau ɗaya aka ce masa hadari ne ya rage wuta. Hadari a bazara!

Ranar da na sauka na tarar da Yaya a kwance a tabarma, ta zube, leɓenta ya bushe, buta biyu a gefenta duk ta shanye. An naɗe ƙafarta da tsumma. Ƙaiƙayin dawa ne ya soke ta, in ji su, ciwon ya ƙi warkewa. Ta ce ba ta fasa allura ko sau ɗaya ba. Ban ko cire takalmi ba na wuce gidan mai unguwa na karɓi makulli.

Tun daga ƙofa warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tare ni. Na ɗora tafin hannu a kan batirin Baba, zafi kamar dutsen guga, ruwansa na tafasa a ciki. Na buɗe firji, iska mai ɗumi ta bugi fuskata. Kwalaben Yaya na jere a ciki. Koriyar fitila tana ci abinta.

Dattawa na baranda, fanka na juyawa a hankali a kansu. Ban san da wane harshe na fara ba. An ce min da na Asante, yaren Kumasi, na fara, wanda ba mai ji a wurin, sannan na dawo Hausa. Na jawo hannun mai unguwa na cusa shi cikin firjin na riƙe.

"Ji! Ji sanyin gayyarka!"

"Sakar min hannu, mutumin..."

"Ka sake kirana da sunan nan ka gani. Na nuna maka da fitila, na nuna maka da mita, na bar maka hanyar da ba wanda zai ji kunya. Me ya rage ban yi ba?"

Ya ce, "Baba ne ya gani. Me zan ce masa?"

"Gaskiya! Ita ce ba ta zo maka ba?"

A ranar muka ɗauki Yaya a motar haya zuwa Kano. Likita ya karɓi kwalba ɗaya ya juya ta, ya tambayi inda ake ajiyewa. Na ce a firji. Ya dube ni. Suka sauko da sugan da sabon magani, amma yatsun sun riga sun yi baƙi.

Da na dawo gari, Yaya tana can a gadon asibiti, na ɗauki baro. Hanin da ta yi mini don kada a ɓata wa Baba rai a kanta ne, yanzu kuwa abin da za a ɓata an riga an ɓata. Da rana tsaka na turo batirin ta tsakiyar gari, kowa na gani, ba wanda ya tare ni. Na sami Baba a zaurensa. Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa komai tun daga ranar gayya, da fitilar mota, da ɓeran ƙarya.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce a kira masa mai unguwa da Liman. Da suka zo bai amsa gaisuwarsu ba.

Ya ce, "Ni na ba da yarinyar nan aure. Ni kuka yi wa kara aka yanke mata ƙafa? Wa ya tambaye ni? Tsufa na yi, ba hauka ba. Da kun ce mini ya mutu, ai na san ya mutu, mai shi ma ya mutu. Na kawo don a samar masa lada, kun sa ya ɗauki alhaki."

Mai unguwa ya fara cewa, "Baba, mun ga kamar..."

"Ku tashi ku ba ni wuri."

Ya sa aka mayar da batirin ƙarƙashin gado. Bai sake zuwa zaman baranda ba har ya rasu da sanyin da ya biyo baya.

Sababbin baturan ba su tashi ba. Na gwada duk abin da na sani, in sun wuni a rana sai su nuna sha biyu, ka ɗora musu kaya su faɗi. 'Yan birnin da suka saya sun ji labari, ba su sake aikowa ba. Firjin yana nan, malamin asibiti yana ajiye auduga da bandeji a ciki saboda ƙura. Faifan biyu suna kan rufi suna shan rana a banza. Fanka ce kawai aka jona musu kai tsaye, tana juyawa in rana ta take.

Da aka sallamo Yaya, abin da ta fara sa surukarta shi ne ta juye daddawa ta wanke tukunyar nan. Ni na haƙa ramin a gindin randa, na zubo yashi daga rafi na jiƙa. Tana zaune a kan turmi da ƙafar a miƙe tana kallona.

Ta ce, "An ce ka je gidan Baba."

"Na je."

"Na ce kada ka je."

"Kin ce."

Ta dubi bandejin. Can ta ce, "Ƙara zurfin ramin, bai kai yadda yake a da ba."

Na ƙara. Mai unguwa yana zuwa gaishe ta ranar Juma'a, ta amsa masa da fara'a, har ta sa a kawo masa fura. Ni in ya shigo sai in tashi in duba ko yashin ya bushe.